Dogon da ke Cikin Buhun

Duk telan da ke Fagge ya san Dogo. In keke ya fara tsinka zare ko ya ƙi jan yadi, ba a cewa a nemo mai gyara, sai dai a ce a kira Dogo. Ainihin sunansa Chibuike Nwabueze. A Sabon Gari aka haife shi, a bayan shagon mahaifinsa, wanda ya zo daga gabas tun yana saurayi ya kafa sana'ar sayar da allurai da kayan keken ɗinki. In Dogo yana Hausa ta bayan labule, sai ka rantse ɗan cikin birni ne.

Tsayinsa ne ya jawo masa sunan, don sai ya sunkuya yake shiga shagon tela. Bayan gyaran keke yana wasa almakashi, kuma yana da wata ɗabi'a: in ya gama wasawa sai ya kai almakashin kusa da kunnensa ya tsuke shi a hankali, ya saurari ƙararsa, sannan ya miƙa wa mai shi. Amma duk girman jikin nan, Dogo bai taɓa yanka kaza ba. Kowace Kirsimeti matarsa Chiamaka ce ke kai kajin gidan maƙwabta a yanka mata, shi kuwa ya ƙirƙiri wani aiki a Kwaciri. Ranar da allura ta huda yatsan wani tela a gabansa, telan ne ya koma yana yi masa fifita.

Wannan mutumin ne Abdulƙahhar ya zo nema.

Abdulƙahhar ɗan wani babban tela ne a Fagge, amma ɗinki bai shiga kansa ba. Ya tashi a gidajen kallo, yana bin finafinan Turawa irin waɗanda wani mai rufaffiyar fuska ke bin samari da 'yan mata yana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga na farko, ya ga na biyu, ya bi wasu har inda masu yin su suka gaji. Da ya samu kyamara da abokai, sai ya ƙudurta zai yi irinsa da Hausa.

Ya tarar da Dogo a tsugune a shagon ɗinkin mahaifin nasa, ya kwance kan keke.

"Oga Dogo, sannu da aiki. Don Allah miƙe in ga wani abu."

Dogo ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fanka. Abdulƙahhar ya ja da baya yana kallonsa tun daga ƙafa.

"Kai ne," in ji shi. "Wallahi kai ne."

Ya ba shi labarin fim ɗin. Wani tela ne aka yi wa ƙazafin satar yadi, wasu samari suka yi masa duka suka bar shi ana zaton ya mutu. Sai ya dawo da buhu a kansa da ƙaton almakashi a hannu. Sunan fim ɗin Mai Almakashi.

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni? Tambayi babanka, ko sauro ba na iya kashewa da kyau."

"Ba magana za ka yi ba, ba a kuma ganin fuskarka. Tafiya kawai za ka yi."

"Jinin fa?"

"Zoɓo ne, Oga. Zoɓo da sitaci."

Dogo ya ƙi, ya sake ƙi. Abin da ya karya shi daga ƙarshe nauyin mahaifin yaron ne, wanda ya daɗe yana ba shi aiki, da kuma alkawarin cewa ba za a rubuta sunansa ko'ina ba. A gida ya ce wa Chiamaka 'yan fim sun ɗauke shi ya riƙa duba masu tsofaffin kekunan da suke amfani da su. Akwai gaskiya a ciki, don ya gyara guda biyu.

A wani kango a bayan Rijiyar Lemo suka yi aikin. Buhun yana ƙaiƙayi, yana warin gero, huda biyu kawai aka yi masa. Duk sanda aka zo wurin kisa Dogo sai ya runtse ido a ciki, ya ɗaga hannu, ya bari a watsa zoɓon. In an ce ya bi yarinya, ƙafafunsa sai su yi nauyi, ya riƙa tafiya kamar wanda ake turawa. Abdulƙahhar bai taɓa ce masa ya ƙara sauri ba. A ƙarshen labarin yarinyar da ta rage ta ingiza Mai Almakashi cikin tsohuwar rijiya, aka rufe bakinta da dutse. Dogo ya cire buhun, ya wanke hannu, ya gode wa Allah an rabu lafiya.

Fim ɗin ya fita shiru, sannan ya kama kamar wutar kara. Masu tura fim a waya da ke bakin Kantin Kwari suka riƙa samun layi. Akwai wani shiri na sharhin finafinai a wani gidan rediyo mai zaman kansa duk ranar Asabar da rana, wanda Malam Nehemiya ke gabatarwa, malamin sakandare ne mutumin Zariya, mai kaifin harshe. Shi ma ya ce akwai alamar basira, a ƙarfafa wa yaran guiwa. Dogo ya ji shirin a shagonsa, ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan damina sai ga Abdulƙahhar da buhun a leda.

"Oga, na biyu za mu fara."

Dogo ya saki sukundireba ta faɗi. "Na biyun me? Ai na mutu!"

"Ka faɗa rijiya dai."

"An rufe ta da dutse! Ina wurin!"

"An nuna gawa?" Abdulƙahhar ya tambaya yana murmushi. "A irin wannan fim ɗin, in ba a nuna gawa ba, ba a mutu ba. Ko an nuna ma akwai magana."

Dogo ya zauna a kan benci yana kallonsa kamar ya zo da wani sabon addini.

"To me mutane za su gani? Sun riga sun san ni. Sun san abin da zan yi."

"Shi ya sa suke so. Na farko tsoro ne, Oga. Na biyu kuwa kamar ziyara ce. Sun san za ka zo, abin da ba su sani ba ta wace ƙofa. Sai mutum ya zauna cikin abokansa ya tsorata, ya yi ihu, ya tashi ya tafi gida ba abin da ya same shi. Turawan ma haka suke. Masu sharhi su zage su tas, jama'a kuma su cika sinima."

Dogo bai gane ba, amma ya sake sa buhun. A na biyu hannu ya fito daga rijiya, aka ninka waɗanda za a kashe, aka ninka zoɓo. A ƙarshe aka cinna wa shagon da yake ciki wuta. Ya ce wa kansa wannan karon kam ko aljani ne ya ƙone. Shekara ta zagayo aka yi na uku, aka ce wai ya tsira ta cikin kwalbati.

Malam Nehemiya bai yi masu da sauƙi ba. Na biyu ya ce mahauta ce aka sa wa kiɗa. Na uku ya ce cin fuskar hankalin mai kallo ne, labari babu, dalili babu, sai samari marasa wayo da ke jin motsi a ɗaki mai duhu su ce bari su leƙa. Dogo yana saurare yana gyaɗa kai, don duk abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne a wurinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk Asabar ɗin da aka zagi fim ɗin, ranar Litinin layin masu turawa ya fi tsawo.

Har lokacin bai taɓa kallon ko ɗaya ba. Wata rana ya gama gyara a Rijiyar Lemo da wuri, ya ga allon wani gidan kallo an rubuta na uku za a sa bayan la'asar. Ya tsaya, ya wuce, ya dawo, ya shiga ya zauna a bencin ƙarshe.

Wurin ya cika maƙil. Da aka nuno inuwarsa a jikin bango, ya zaci za a yi tsit. Sai ɗakin ya ɗauki tafi.

"Ga maigida nan!"

"Oga ya iso!"

Wata yarinya a fim ɗin ta ɗauki tocila ta nufi sito. Rabin ɗakin na ihu kada ta shiga, rabi na cewa ta shiga. Mai Almakashi ya fito daga bayan dilar atamfa, ya kai almakashin kunnensa ya tsuke, sai kowa a ɗakin ya ɗaga yatsu biyu ya yi yadda ya yi. Da jini ya fantsama a bango, na kusa da Dogo, wani magidanci mai furfura a gemu, ya buga cinyarsa yana dariya har da hawaye.

"Ka ga aiki! Wannan ya fi na cikin na biyu!"

Dogo ya san zoɓo ne. Shi ya ga an dama shi a bokiti. Duk da haka ya kasa ci gaba da kallo. Bai taɓa ganin abin da hannunsa ke yi ba, don kullum idonsa a rufe yake, yau kuma ga shi a fili, ga mutane suna yi masa kirari. Ya tashi ya fita yana dafa bango. Magidancin ya bi shi da kallo ya ce, "Ƙato da kai, ba ka da zuciya."

Ya ƙudurta a ransa ya gama. Amma kafin ya sanar da Abdulƙahhar, maganar ta riga shi isa gida.

Chiamaka ce ke koyar da yara a coci ranar Lahadi. Iyaye sun fara kawo mata ƙara: yara na sa leda a kai suna bin juna da almakashi, wata ta datse wa ƙanwarta kitso, wani ya yanka labulen uwarsa. Ta yi niyyar yi masu faɗa a kan fim ɗin, amma ita ba ta zagin abin da ba ta gani ba. Ranar Asabar da hantsi tana tankaɗen gari a tsakar gida, ta ce wa 'yarsu Adaeze, wadda ke karatu a kwaleji, ta nemo mata shi a waya. Adaeze ba ta ma je ko'ina ba, duka ukun suna cikin wayarta.

Dogo yana ɗaki yana sa takalmi ya ji kiɗan. Ya daskare da takalmi ɗaya a hannu. Ya ji matarsa na tsaki, tana cewa wane irin marar tsoron Allah ne zai yarda ya yi wannan. Can ya ji ƙarar rariya ta faɗi.

"Maido baya," in ji ta. "Maido wurin nan."

Ya fito. Gari ya zube a ƙasa, ya ɓata mata zani, ba ta ko kula ba. Ta kalli wayar, ta kalli hannunsa na dama, ta sake kallon wayar.

"Papa Adaeze." Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Wane ne yake sauraron almakashi a garin nan?"

Dogo ya mayar da hannun bayansa.

"Wane ne?"

Adaeze ta kalli uwarta, ta kalli ubanta, sai bakinta ya buɗe. Ta ƙwalla ƙara ta yar da wayar. "Papa! Kai ne? Kai ne Mai Almakashi? Hotonka ne a fuskar wayata!"

"Zoɓo ne," in ji Dogo. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa ke nan. "Duka zoɓo ne."

Chiamaka ta zauna daɓas a kan turmi. "Shekara da shekaru ina yawo da kaji gidan mutane. Ina ce masu mijina ba ya son ganin jini. Ashe kai ne kake yanka 'ya'yan mutane a bayan Rijiyar Lemo."

"Ba wanda na yanka. Yarinyar nan ma ta yi aure, an gayyace ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai ta bakin Adaeze, ta kuma kwashe duk almakasan gidan ta kulle a akwati, ko da yake daga baya ta ce ita ma ba ta san dalilin da ya sa ta yi hakan ba. Ranar Lahadi ta tsaya gaban yaran, ta buɗe baki za ta yi faɗan, ta kasa. Sai ta sa su waƙa.

A cikin wannan halin ne wani mutum mai tabarau ya sauke kan keke daga adaidaita a ƙofar shagon Dogo, ya ce na matarsa ne, yana tsallake ɗinki. Tun daga sallamarsa Dogo ya gane muryar. Malam Nehemiya ne. Dogo ya kasa haƙuri.

"Malam, ina jin shirinka. Fim ɗin nan na almakashi, ka yi daidai da ka zage shi."

"Ai shara ne," in ji Nehemiya, ya zauna a benci ya cire tabarau yana gogewa. "Amma ka san wani abu? Akwai abin da ban faɗa a rediyo ba, don kada yaran su samu bakin yin na huɗu. Wannan da ke cikin buhun, ban san ko wane ne ba, amma shi ne fim ɗin. Dubi tafiyarsa. Sauran masu irin wannan rawar suna tafiya kamar suna jin yunwar kisa. Shi kuwa yana tafiya kamar ba ya son ya isa. Kamar an aike shi ne dole. Shi ya sa yake ba da tsoro, shi ya sa kuma mutane ke tausaya masa ba su sani ba. Ko dai gwani ne ƙwarai, ko kuma wani bawan Allah ne da aka tilasta."

Dogo ya tsaya da gwangwanin mai a hannu, man yana ɗiga a ƙafarsa.

"Lafiya?" in ji Nehemiya.

"Lafiya lau, Malam. Ƙugiyar ce ta goce. Yanzu zan daidaita."

Ya gyara keken. Da mutumin ya tafi ya daɗe a zaune. Ya yi zaton buhun ya ɓoye shi, ashe duk garin kallonsa ake yi tsirara.

Abdulƙahhar ya yi roƙo, ya turo mahaifinsa, Dogo ya ce ya gama. Sai suka nemo wani dogon ɗan dambe suka sa masa buhun suka yi na huɗu. Tun a ranar farko gidajen kallo suka rikice. Sabon yana gudu, yana tsalle, yana wulwula almakashi. Mutane suka riƙa ihu, "Ba shi ba ne! A dawo mana da namu!" A wani wurin har jifan allo aka yi da ledar ruwa. Malam Nehemiya ya ce a rediyo bai taɓa zaton zai yi kewar na uku ba.

Abin ya yi wa Abdulƙahhar zafi, ana ta zarginsa da cewa ya kori gwani. Don ya wanke kansa, ya saki wani ɗan guntun bidiyo da aka ɗauka lokacin aikin na biyu. A ciki an ga Mai Almakashi tsaye a kan gawa, zoɓo har guiwar hannu. Aka ce an yanke ɗauka. Gawar ta tashi zaune tana dariya. Shi kuwa ya cire buhun, idonsa a runtse gam, ya ce da ƙaramar murya, "An gama? In buɗe?"

Kafin azahar bidiyon ya zagaye Kano.

Washegari Dogo ya shiga layin teloli a Fagge da jakar kayan aikinsa, bai san komai ba. Kekuna suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya har layin ya yi tsit. Mahaifin Abdulƙahhar kaɗai ya san sirrin tun farko, shi ma ya sunkuyar da kai. Wani tsohon tela da ya san Dogo tun yana rarrafe ya fito ƙofar shago, igiyar awo a wuyansa, yana salati.

"Dogo! Kai da ka suma a shagona saboda allura?"

Sai layin ya fashe. Wasu na dariya, wasu na tafi, wani ya ɓoye almakashinsa a bayansa da wasa, wata mai kai ɗinki kuwa ta ja 'yarta ta tsallaka titi da gaske. Dogo ya tsaya a tsakiya da jakarsa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Abdulƙahhar ya zo har gida ba da haƙuri, don ya karya alkawari. Chiamaka ce ta tare shi a ƙofa. Ta wanke shi tas da Hausar da ta fi ta mijinta zafi, sannan ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta ce in ya sake kawo buhu gidan nan shi za ta sa a ciki. A coci an yi 'yan makonni wasu mata na matsawa in Dogo ya zauna. Fasto ya kira shi suka yi doguwar magana, a ƙarshe ya tambaye shi, cikin jin kunya, yadda aka yi ya fito daga rijiyar.

Yanzu Dogo ya yi furfura, ya fara sa tabarau in zai zura allura. Abdulƙahhar ya koma finafinan soyayya masu dogon zango. Matasan da suka tashi da Mai Almakashi sun girma, suna musu a waya kan wanne ya fi, kuma yawancinsu na biyu suke zaɓa. Malam Nehemiya da kansa ya yi shiri na musamman a kansu bara, ya ce har gobe labarin na biyun ba shi da kai, amma ya yarda ya gina wani abu da ba a taɓa yi da Hausa ba, kuma ya yi gaggawar yanke masa hukunci. Ya gayyaci Dogo ya zo su tattauna. Dogo ya ce yana da kekuna uku a Kwaciri.

Masu zuwa ɗaukar hoto ba su daina ba. Yana tsayawa, ya ɗan rusuna don ya shiga cikin hoton, amma ba ya yarda ya riƙe komai a hannu. Kwanan baya wani ɗalibi ya zo da takarda da biro, ya ce bincike yake yi, ya tambaye shi me yake ganin ya sa jama'a ke son a sake dawo masu da mugun da suka ga ya mutu.

Dogo ya juya ƙafar keken da ke gabansa, ya saurari tafiyarsa, ya ɗan ƙara mai.

"Ɗana, ni ina ciki ban ga komai ba," in ji shi. "Je ka tambayi waɗanda suka buɗe ido."